Tsara Manazarta da Manhajar Zotero: Jagora ga Mai Rubuta Kundi a Kakau

Malaman jami'a da yawa idan aka miƙa musu kundin ɗalibi, bayan kundin suke fara buɗewa, wajen manazarta. Su ɗauki suna ɗaya daga cikin rubutun, a ce Yahaya (1988), su neme shi a jerin. In babu shi, ko kuma a ciki an sa 1988 a baya an sa 1998, jan biro ya fara aiki ke nan, kuma sauran kundin da idon zargi za a karanta shi. Malamin yana da gaskiya. Wanda bai iya nuna inda ya samo magana ba, da wuya a amince masa cewa ya karanta ta.

Garin Kakau, a Ƙaramar Hukumar Chikun a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja, yana da masu wannan ɗawainiya: malaman makaranta da ke ƙaro ilimi, ma'aikata da ke digiri na biyu, matasan da ke shiga mota kullum su tsallaka kogi zuwa Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, da masu tafiya har Zariya. Yadda aka saba shi ne ɗalibi ya tara bayanan littattafai a bayan littafin rubutu, a gefen takardar fotokwafi, a hoton waya, wasu kuma a ka. Sai mako guda kafin miƙa kundi a zauna haɗa manazarta, a tarar fotokwafin babi ne kawai ba bango, babu sunan mawallafi babu shekara, littafin kuma yana Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru. Komawa can kuɗin mota ne da wuni guda.

Akwai manhajojin kwamfuta da aka yi don wannan aiki kaɗai. Suna ajiye bayanin kowane littafi, maƙala ko kundi sau ɗaya, su sa madogara a cikin rubutu, su kuma jera manazarta da kansu bisa salon da aka zaɓa. Uku ne suka fi shahara. EndNote shi ne dattijonsu, tun ƙarshen shekarun 1980, yana hannun kamfanin Clarivate, kuma saye ake yi. Mendeley an kafa shi a Landan, kamfanin Elsevier ya saye shi a 2013. Kyauta ne, yana ba da wurin ajiya har gigabait 2, amma tun da aka daina raba tsohuwar manhajarsa ta kwamfuta a 2022, sabon tsarin ya fi jingina da intanet. Na uku shi ne Zotero, wanda wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka ta fitar a 2006. Kyauta ne, kuma duk abin da aka zuba masa yana zaune a cikin kwamfutar mai shi, ana aiki da shi ko babu data ko kaɗan. Ga wanda ke zaune inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, kuma data da kuɗi ake sayenta, wannan ya isa dalilin zaɓensa. Da yake masana tarihi ne suka ƙirƙire shi, sun tanadi gurbin takardun adana tarihi da hira da rubutun hannu, waɗanda su ne abincin mai bincike a Arewa.

Sanya shi ba ya cin lokaci. A sauko da manhajar daga shafin Zotero a sa a kwamfuta, sannan a ƙara ɗan mahaɗinta a burauza, ko Chrome ko Firefox ko Edge. Manhajar da kanta za ta dasa sashenta a cikin Microsoft Word, a ga sunan Zotero ya fito a layin sama. Tana aiki da LibreOffice da Google Docs ma. Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne Word na waya ba ya ɗaukar wannan sashe, don haka sa madogara aikin kwamfuta ne, ko da ta aro ce.

Hanyoyi uku ne masu sauƙi na zuba bayanai. Idan mutum yana kan shafin wata maƙala, misali a rumbun African Journals Online, wanda ke tattara mujallun ilimi na Afirka tun 1998, danna alamar Zotero a burauza zai kwaso sunan marubuci, take, mujalla, juzu'i, shafuka da shekara, wani lokaci har da fayil ɗin PDF. Idan kuma lambar DOI ta maƙala ko lambar ISBN ta littafi ce a hannu, akwai wata alama mai kama da sandar tsafi a saman manhajar, a liƙa lambar a can, bayanin ya sauko. Ta uku, a jawo fayil ɗin PDF da ke kwamfuta a jefa a ciki, manhajar ta yi ƙoƙarin gano ko na wane ne. Duka ukun suna son intanet a lokacin, saboda haka a tara su a yi su zama ɗaya ranar da aka sayi data.

Lambar DOI tana da wani amfani da ya ƙaru a 'yan shekarun nan. Manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira sukan ƙaga sunayen maƙaloli da babu su a duniya, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in ƙarya da ChatGPT ya ba su. Ɗalibin da ya saba liƙa DOI kafin ya yarda da maƙala zai kama irin wannan tun da wuri: ko dai lambar ta ƙi fito da komai, ko ta fito da wani aiki daban. Tun 2019 kuma Zotero yana sa jan gargaɗi a kan maƙalar da mujallarta ta janye, ta hanyar bayanan Retraction Watch.

Sai dai nan ne sauƙin ya tsaya. Abin da manhajar ta kwaso daga intanet ba lallai ne ya zo daidai ba. Take yakan zo da manyan baƙaƙe zalla, sunan marubuci ya juye, shekara ta ɓace. Kowane bayani ya shigo, a duba shi nan take a gefen dama a gyara, domin kuskuren da aka bari a rumbun bayanan manhajar shi zai riƙa fitowa a duk inda aka ambaci aikin. Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Mafi yawan abin da mai nazarin Hausa, tarihi, addini ko ilimi a Arewa ke dogaro da shi ba shi da DOI, da yawa ba su da ISBN. Tsofaffin littattafan kamfanonin buga littattafai na Gaskiya da NNPC a Zariya, kundayen digiri da ke jere a ɗakunan karatu na sassa, tsofaffin fitowar mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, takardun taron ƙara wa juna sani, duk da hannu za a shigar da su. Gwanintar amfani da manhajar a nan take.

A ɗauki misalin malamar makaranta da ke zaune a Kakau tana rubuta kundi a kan tarihin Gbagyi na ƙasar Chikun. Aikinta zai kai ta Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke titin Yakubu Gowon a Kaduna, inda fayilolin zamanin Turawa ke da lambobi irin su SNP na Sakatariyar Lardunan Arewa da ZARPROF na Lardin Zariya, wanda yankin Chikun ke ƙarƙashinsa a wancan lokaci. Zai kuma kai ta Gidan Arewa da ke titin Rabah, cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Duk fayil ɗin da aka kawo mata, kafin ta fara karantawa, ta buɗe sabon gurbi a Zotero, ta zaɓi nau'in rubutun hannu ko wasiƙa ko rahoto, ta rubuta taken fayil yadda yake a bangonsa, ta sa sunan ma'ajiyar a gurbin "Archive", ta sa cikakkiyar lambar a gurbin "Loc. in Archive", harafi da harafi, da duk wani layi da ɗigo. Idan ba ta zo da kwamfuta ba, ta rubuta waɗannan a takarda ta shigar da su daren ranar. Lambar fayil ɗaya da ta ɓace tana nufin wani cikon takardar nema da wani jira a ɗakin karatu.

Daga nan ta koma gida wajen dattawa. Hira tana da nata gurbi: sunan wanda aka yi hirar da shi, sunan mai tambaya, ranar, da yadda aka ɗauka. Wuri da shekarun dattijon a sa su a gurbin ƙarin bayani, sautin hirar ma ana iya liƙa shi a jikin gurbin, bayan an nemi izinin mai maganar. Salon tsara manazarta na APA ba ya sa hirar baka a jerin manazarta, a cikin rubutu kawai yake ambatonta, alhali sassan Hausa da na tarihi a nan sukan so jerin waɗanda aka yi hira da su daban a ƙarshen kundi. Mafita ita ce a tara hirarrakin a jaka ɗaya a cikin manhajar, a zaɓe su duka, a ce ta fitar da jerinsu, a liƙa ƙarƙashin nasu kan magana. Shirin da aka ji a Rediyon Tarayya na Kaduna, faifan Mamman Shata ko na Ɗanmaraya Jos, labari daga Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a 1939, kowanne yana da nau'insa a cikin jerin.

Sunaye su ne wurin da aka fi tuntuɓe. Manhajar tana raba suna gida biyu, na ƙarshe da na farko, irin tsarin Turawa. Ga Ibrahim Yaro Yahaya, marubucin Hausa a Rubuce da NNPC ta buga a 1988, babu matsala: Yahaya a gida ɗaya, Ibrahim Yaro a ɗayan, ya fito Yahaya, I. Y. Haka Abubakar Imam, haka Sa'idu Muhammad Gusau. Amma Abdullahi ɗan Fodiyo fa, ko Nana Asma'u, ko Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa? In aka bar wa manhajar, za ta yanka sunan hukuma ta fitar da abin da ba ya da ma'ana. Kusa da gurbin suna akwai ɗan maɓalli da ke mayar da gida biyun ya zama ɗaya, sunan ya fito cikakke yadda aka rubuta shi. Da shi za a yi amfani ga hukumomi da malaman da. Kuma a tsaya a kan rubutu ɗaya. Wanda ya sa Ɗanfodiyo a wani gurbi, Fodio a wani, Ibn Fudi a na uku, manhajar za ta ɗauke su mutum uku ta warwatsa su a jerin.

Baƙaƙe masu lanƙwasa ma suna da tarkonsu. Shekaru da dama masu buga Hausa a kwamfuta suna amfani da fon ɗin da suka ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, kuma har yau akwai shagunan buga takardu da ke aiki da su. A takarda yana fitowa daidai, amma a cikin Zotero sunan Abdulƙadir Ɗangambo zai zama Abdulqadir Xangambo, ya gangara can ƙarshen jerin kusa da Y. A sa allon rubutu na Hausa da Windows ke da shi, ko a buga sunan a waya da Gboard a turo, don baƙaƙen su zama na ainihi waɗanda kowace na'ura ke ganewa.

Akwai wani ƙaramin gurbi da kusan kowa ke tsallakewa, na harshe. Salon Chicago da na MLA suna mayar da farkon kalmomin take manyan baƙaƙe bisa ƙa'idar Ingilishi, sai a ga "na" da "ta" da "cikin" sun koma Na, Ta, Cikin a taken littafin Hausa. Rubuta ha a gurbin harshe yana gaya wa manhajar ta bar taken yadda yake. Littafin Larabci a sa ar, na Faransanci fr. Ga littafin da aka sake bugawa kuma, kamar Ruwan Bagaja da ya fara fitowa a 1934 aka yi ta maimaita bugunsa, shekarar bugun da ke hannu ita ke shiga gurbin kwanan wata, sannan a gurbin ƙarin bayani a rubuta "Original Date: 1934". Salon APA zai nuna shekarun biyu. Ayyukan malaman jihadi masu shekarar Hijira, irin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da aka rubuta a 1227, wato 1812, a sa ta Miladiyya a gurbin don jerin ya tafi daidai, ta Hijira a ajiye ta a bayani.

Ba baƙon abu ba ne wannan tsantseni a ƙasar nan. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, kuma ɗaliban hadisi har gobe suna kiyaye isnadi.

Idan rumbu ya fara cika, sai tsari. A gefen hagu ana buɗe jakunkuna, misali ɗaya ga kowane babi, kuma aiki ɗaya yana iya zama a jaka uku ba tare da an kwafe shi ba. Ana iya manna wa ayyuka alamomi irin "ban karanta ba" ko "a nemo shafi", har a ba su launi. Tun fitowar Zotero 6 a 2022 ana karanta PDF a cikin manhajar, a shafa wa jimla launi, a tattara wuraren da aka shafa su zama bayani mai ɗauke da lambar shafi. Wannan yana maganin wata cuta da ke kai ɗalibai ga satar fasaha ba da niyya ba, wato mutum ya kwafi jimla a littafinsa, bayan wata uku ya manta ko tasa ce ko ta wani. Akwai kuma wurin da ke nuna ayyukan da suka shigo sau biyu, a haɗe su su zama ɗaya. Haɗewa ake yi, kada a goge, domin wanda aka goge yana iya zama shi ne aka riga aka ambata a babi na biyu.

Wajen rubutu, a ajiye alamar rubutu inda ake son madogara, a danna "Add/Edit Citation", a zaɓi salo a karon farko, a buga 'yan haruffa daga sunan marubuci, a zaɓi aikin, a ƙara lambar shafi. A ƙarshen kundi a danna "Add/Edit Bibliography" sau ɗaya. Daga nan duk aikin da aka ambata zai shiga jerin da kansa, wanda aka cire daga rubutu ya fita da kansa. Matsalar suna a ciki babu shi a baya ta ƙare.

Amfanin ya fi bayyana ranar da mai duba aiki ya ce a canja salo. Bugu na 7 na APA da ya fito a ƙarshen 2019 ya daina sa garin da aka buga littafi, ya kuma ce aikin da ke da marubuta uku ko fiye a taƙaita shi tun ambato na farko. Sashen da ke kan bugu na 6 yana son a ga Zaria kafin NNPC, wanda ya koma na 7 ba ya so. Da hannu, gyaran manazarta ɗari aikin kwanaki ne. A manhajar, a shiga "Document Preferences" a zaɓi ɗayan salon, kundin duka ya juya. Shi ya sa ake cike gurbin gari ko da salon yanzu ba ya buƙatarsa. Rumbun salo na Zotero yana da fiye da 10,000, amma jami'o'inmu da yawa suna da nasu ɗan littafin ƙa'idar rubuta kundi da ya ɗan saɓa wa APA ko Chicago. A karɓo shi daga sashe tun kafin a fara, a zaɓi salon da ya fi kusa.

Kuskuren da aka gani a cikin madogara, a koma rumbu a gyara sannan a danna "Refresh". Gyara shi kai tsaye a cikin Word yana hana wannan madogara sabuntawa. Mai rubuta kundi da Hausa zai ga "and" da "In" da "n.d." sun fito da Ingilishi. Kada ya taɓa su sai aiki ya kammala. A lokacin ne zai yi kwafin kundin, ya danna "Unlink Citations" a kan kwafin don komai ya koma rubutu zalla, sannan ya mayar da su Hausa, ya daidaita sauran bisa ƙa'idar sashensa. Wannan yankewa ba ta da komawa, don haka na asali a adana shi da mahaɗansa. Kwafin da aka yanke, ko PDF ɗinsa, shi ake kai wa shagon bugawa a filash, domin kwamfutar shago tana iya hargitsa madogaran da ke da rai.

Saura tsaro. Kwamfuta tana lalacewa, ana sace ta, wutar da ta dawo da ƙarfi tana ƙona ta. Buɗe asusu a shafin Zotero kyauta ne, kuma bayanan ayyuka komai yawansu suna hawa can ba tare da iyaka ba. Fayilolin da aka liƙa ne kawai aka ba su megabait 300 kyauta, wanda hotunan takardun ma'ajiya za su cinye da wuri. Ana iya kashe hawan fayiloli a bar na bayanai, data ma ta huta. Su kuma fayilolin, a rufe manhajar, a kwafi jakar Zotero ɗungurungum daga kwamfuta zuwa filash ko wani faifan ajiya duk ƙarshen mako. Masu manhajar sun yi gargaɗi kada a mayar da wannan jaka cikin Google Drive ko Dropbox tana aiki daga can, don rumbun yana lalacewa.

Ɗaliban da ke ƙarƙashin malami ɗaya suna iya buɗe rumbun haɗin gwiwa, wanda ya je Zariya ya shigar da kundayen da ya gani, wanda ya je Gidan Arewa ya shigar da nasa, kowa ya amfana. Malamai ma za su rage wa kansu jan biro idan suka ware zama ɗaya na darasin dabarun bincike suka nuna wannan a aikace, tun ɗalibi yana rubuta shawarar bincikensa. Wanda kuma ba shi da kwamfuta, aikinsa bai wuce maƙala ɗaya ba, akwai ZoteroBib da aka buɗe a 2018, yana aiki a burauzar waya ba tare da buɗe asusu ba.